Tsakanin aƙida da zumunci: amsa ga wani sabon ma'aikaci a Maraɗi

Tambaya: Malam, na gama jami'a nan Maraɗi, na fara aiki a wani ofishin gwamnati. A makaranta an koya mana adalci da daidaito da 'yancin ɗan Adam. A masallaci ana kira zuwa ga tsantsar addini. A gida kuma ana ce mini zumunci da kunya da biyayya su ne mutum. Yanzu kawuna yana so in shigar da takardun ɗansa gaban na waɗanda suka riga shi. Abokaina masu zafin aƙida kuma, na lura idan abu ya faɗo kan nasu sai magana ta canza. Wanne zan riƙe, wanne zan saki?

Amsa: Ɗana, Allah ya sa wa aikin albarka. Tambayarka ta haɗa abu uku wuri ɗaya, bari in raba maka su tukuna. Akwai aƙida, wato manyan manufofin da mutum yake hange: adalci, 'yanci, daidaito, tsarkin addini. Akwai abin da jama'a suka taru a kai suke zaune da shi tun kaka da kakanni: zumunci, kunya, kara, girmama na gaba, haƙƙin maƙwabci. Sai na uku, wanda ba a cika yi masa taro ba: mutum ya zama halinsa ɗaya ne jiya da yau, a kan nasa da kuma a kan bare. Na koyar da falsafa a lise, daga baya na zauna zaman sulhu a unguwa da ƙauyuka, kuma abin da na gani shi ne na ukun nan ne yake riƙe da sauran biyun. In ka same shi, rikicin da kake ji tsakanin makaranta da masallaci da gida zai ragu ƙwarai. In babu shi, duk aƙidar da ka ɗauka a kan wasu kawai za ta riƙa aiki.

Ka je kasuwa bayan kaka ka tsaya wajen masu awon hatsi. Mace ta zo daga ƙauye a amalanke da ɗan geronta, tana so ta sayar ta yi wa yara ɗinki. Mai awo ya tsoma tiya, ya cika ta, ya yi mata tozo, ya sa hannun hagu ya tare gefe don kada ko ƙwaya ta zube, yana ƙirga da ƙarfi. Ka dawo da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, matar nan ta zo saye. Sai ka ga an ɗauko wata tiya mai lotsattsen gindi, an shafe bakinta, hannun hagu kuma yana can yana riƙe da bakin buhu. Ba duka masu awo ke haka ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu, kuma ƙauyawa sun san su, wajensu suke tururuwa. Amma shi wancan, in ka tambaye shi mene ne adalci, zai yi maka bayani mai kyau, har ya jawo aya. Aƙida ba ta yi masa ƙaranci ba. Tiya biyu gare shi. Alƙur'ani a farkon Suratul Muɗaffifina bai zargi irin waɗannan da rashin sanin adalci ba, ya siffanta su da cewa idan za su karɓa sai sun cika, idan za su ba da sai su tauye. A Suratun Nisa'i, aya ta 135, aka ce a tsaya da adalci ko da a kan kai ne, ko iyaye, ko dangi na kusa. Lokacin da wata mace daga babban gidan Banu Makhzum ta yi sata aka nemi a yi mata alfarma, Manzon Allah (SAW) ya ce abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale babba idan ya yi laifi da hukunta mai rauni, ya kuma rantse ko 'yarsa Faɗima ce da an yi mata hukuncin. Abokanka da kake ƙorafi a kai, ciwonsu ke nan, kuma ciwo ne da yake kama ɗan boko da almajiri, mai wa'azi da mai fafutukar 'yanci, ba ya zaɓe.

Dalilin da ya sa aƙida take da sauƙin riƙewa shi ne ba ta da fuska. Kowa yana son “talaka” da “al'umma” da “mata”, domin waɗannan ba sa zuwa ƙofar gidanka da asuba neman bashi. A 1991, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamba, wakilan ƙasa suna zaune a Yamai a babban taron ƙasa, ana maganar dimokuraɗiyya da 'yancin ɗan Adam dare da rana, mu nan kunnenmu yana kan rediyo. A ƙarshen Oktoba na wannan shekarar, taron bai watse ba, a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, aka kashe Fulani makiyaya fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara, a kan rikicin gona da dabba. Maganganun da ake yi a Yamai gaskiya ne, ba na raina su. Sai dai ba su da hanyar da za su bi su kai bakin gonar wake da burtali.

Abin da ya taimaka daga baya ƙaramin aiki ne mai gajiyarwa. Dokar karkara ta 1993 ta buɗe hanyar kafa hukumomin filaye tun daga matakin ƙauye, inda mai gari da wakilan manoma da na makiyaya da na mata suke zama tare. Aka riƙa shata burtali da mashaya, ana sa ranar sakin gonaki bayan an kwashe amfani. Ba a gama da rikici ba, har yau ana yi. Amma na zauna irin wannan zama na ga inda yake gyaruwa da inda yake ɓaci. Shanu sun shiga gonar wake da dare, an je an taka gonar, an ƙiyasta ɓarna, an ce Bafulatani ya biya jika ashirin. Ya biya. Bayan kwana kaɗan awakin wani ɗan gari suka cinye wa maƙwabcinsa lambu, sai aka ce “dabba ce, ba ta da hankali, a yi haƙuri, 'yan uwa ne.” Makiyayin nan yana ji. Daga ranar ba zai ƙara ɗaukar hukuncin wannan zaure a matsayin shari'a ba, zai ɗauke shi a matsayin fin ƙarfi, kuma wanda ya ɗauki hukunci a matsayin fin ƙarfi jiran ranarsa yake yi. Garuruwan da na ga zaman lafiyarsu ya ɗore su ne inda mai gari yake sa a cire gonar ƙanensa daga burtali kafin ya buɗe baki a kan ta wani.

Kada ka ɗauka daga nan cewa duk abin da jama'a suka taru a kai daidai ne. Waɗanda suka yi aikin Toda ma a ganinsu suna kare nasu ne, zumuncinsu suke yi. Matsalar kyawawan al'adunmu ita ce sau da yawa suna da iyaka: amana tana aiki tsakanin 'yan gari, in an zo kan baƙo sai ta yi rauni, kunya tana hana ka cutar wanda ya san mahaifinka, ba ta hana ka cutar wanda ba za ku sake haɗuwa ba. Aikin aƙida shi ne ta matsa wannan iyakar gaba har ta haɗa da wanda aka bari a waje. Bauta ta daɗe a ƙasar nan mutane da yawa suna ganinta kamar ba komai. Sai a 2003 dokar Nijar ta sanya ta cikin manyan laifuka, a 2008 kuma kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba Hadijatu Mani gaskiya, ta ce ƙasa ta gaza kare ta daga bauta. Da al'adar wurin kawai aka bi, da ba ta fita ba. Saboda haka mai cewa a bar aƙida a riƙe al'ada shi ma ba na tare da shi.

Abin da ya fi cancanta ka yi nazari a kai shi ne ta wace ƙofa aƙida take shiga gari ta zauna. Mu a jihar nan muna da misali wanda duniya take zuwa kallo, mu kuma mun saba da shi har ba ma ganinsa. Kare itatuwa manufa ce mai kyau, gwamnati ta daɗe da riƙe ta. Tun zamanin Faransawa doka ta ɗauki itace irin su gawo a matsayin abin da hukuma ke karewa, ma'aikatan gandun daji suna cin manomi tara idan ya sare ko ya sassabe reshe ba da izini ba, ko da a cikin gonarsa ne. Ana dashen itace kowace ranar 3 ga Agusta. A 1984 ma nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. Duk da haka gonaki suka ci gaba da zama fili fetal, domin manomi ya yi lissafi: itacen da zai girma ya zama na hukuma, ya kuma jawo masa tara, gara ya kawar da shi tun yana toho. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. A yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci, mutane suka yi. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare abin da suka raina, domin don abincin suka yi. Waɗanda suka bari kuwa suka ga itacen girki a kusa, da abincin dabbobi, da kariya daga iskar da ke binne shuka, da yadda hatsi yake kyau a gindin gawo. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne, wannan aiki da ake kira sassabin zamani ya bazu daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fito da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya raina. A wurare irin su Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari da kansu suka kafa kwamitin sa ido kan masu saran dare. Manufar ba ta canza ba tun farko. Abin da ya canza shi ne ta daina zuwa da takardar tara, ta shiga ta abin da Bahaushe ya riga ya yarda da shi: gumin mutum nasa ne, kuma taɓa abin maƙwabci abin kunya ne. Irin wannan kwamiti kuwa yana rayuwa ne muddin tarar da aka ci talaka ita za a ci ɗan mai gari.

Haka Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar nan a 1991 kafin tsarin ya tsallaka ƙasashe da dama. An gina shi a kan adashi da mata suka sani, aka ƙara masa ƙa'ida da akwati da zubi a gaban kowa.

Inda na fi jin zafi shi ne maganar aurar da yara mata. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an yi musu aure kafin shekara 18, a jiharmu kuma kusan tara cikin goma. Wanda ya taɓa shiga inda ake jinyar masu yoyon fitsari, kamar cibiyar Danja, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. An yi ta ƙoƙarin kafa dokar iyali, a farkon shekarun 1990 da kuma 2011, duk ta faɗi. A 2006 majalisa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. Masu kawo gyaran sun zo da harshen da uba a ƙauye yake ji kamar ana zaginsa, alhali shi tsoronsa a fili yake: kada yarinya ta yi abin kunya, makarantar gaba tana nesa, babu amintaccen gidan da za ta zauna, abinci kuma ya yi kaɗan. Wanda bai amsa wannan tsoron ba bai fara magana da shi ba. Ga shi kuma muna da ƙofa a buɗe: addini ya ce babu cuta babu cutarwa, ya ce a nemi yardar yarinya, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan karkara tun ƙarni na 19. Amma abin da ya fi kashe maganar shi ne tiya biyu a ɓangarorin duka. Akwai manyan da suke ɗaga murya cewa a bar talaka ya aurar da 'yarsa da wuri, nasu 'ya'yan kuwa suna jami'a. Akwai masu zuwa taron kare haƙƙin yarinya, a gidansu kuma akwai 'yar ƙauye mai shekara goma sha biyu tana wanke-wanke, ba ta taɓa shiga aji ba. Talaka yana ganin duka biyun, shi ya sa ba ya sauraron kowa.

Zafin aƙida yana da wani haɗari na daban, shi ne ya sa mutum ya ga manufarsa ta halatta masa abin da ya san haramun ne. A Nuwamba 2000, saboda bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, sama da kilomita 600 daga nan, aka yi tarzoma a Maraɗi, aka afka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren Kirista. Mutum yana da damar ƙin bikin, ya yi wa'azi a kai, ya kai kukansa ga hukuma. Amma ƙona dukiyar maƙwabcin da bai shirya bikin ba, babu littafin fiƙihun da ya ba da wannan. Ka gwada da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Jihadi ya fara a 1804 da kuka kan zaluncin sarakuna. Wajen 1807, da ya ga wasu daga cikin mutanensu sun karkata ga mulki da tara dukiya, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka, har mutanen Kano suka tsayar da shi. Mu da muke zaune a garin da sarakunan Katsina suka kafa zamansu bayan jihadin ya fitar da su, muna iya samun ra'ayi iri-iri kan wancan yaƙi. Amma mutumin da ya auna jama'arsa da abin da ya auna abokan gaba, ko daga wane ɓangare kake sai ka girmama shi.

To ina sassauci yake, tunda rayuwa ba ta tafiya a miƙe? Yana cikin lokaci da hanya da lafazi. Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Nana A'isha cewa ba don mutanenta sababbin shiga Musulunci ba ne da ya sake gina Ka'aba a kan harsashin Annabi Ibrahim. Ya san daidai, ya duba abin da jama'a za su iya ɗauka. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Malaman Malikiyya da muke bi sun ba al'adar gari matsayi a hukunci matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba. A Turai ma, Bajamushen nan Max Weber ya yi bayani a 1919 cewa akwai mai cewa “ni dai na bi aƙidata, abin da ya biyo baya ba ruwana,” akwai kuma mai ɗaukar alhakin abin da aikinsa zai haifar, kuma wanda zai riƙe al'amarin jama'a sai ya haɗa biyun. Ka lura da abu ɗaya a misalan nan: sassaucin na kowa ne. Umar bai dakatar da hukunci don danginsa kaɗai ba. In kana so ka gane ko abin da kake shirin yi hikima ce ko son kai, ka tambayi kanka ko za ka iya faɗin dalilinka da babbar murya a gaban wanda abin zai cutar, kuma ko za ka yarda da shi in kai ne a bayan layi.

Maganar kawunka ba ta tsallake wannan tambayar ba. Takardun da za ka tura baya na wani ne, shi ma yana da kawu, wataƙila ya sayar da akuya kafin ya haɗa su. Saboda haka ba za ka yi ba. Amma yadda za ka ƙi, nan ne zumunci da ladabi suke da cikakken haƙƙi a kanka. Kada ka bari ya zo ofis ka ba shi amsa a gaban mutane, kuma kada ka yi masa lacca kan cin hanci da daidaito. Ka fara da mahaifiyarka, tunda ɗan'uwanta ne, ka fahimtar da ita, don kada maganar ta iso mata a karkace. Sannan ka je gidansa da kanka bayan la'asar, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce: “Kawu, aikin nan amana ce aka ba ni, ku kuka yi mini tarbiyyar riƙon amana. In na taɓa layin nan na ci haƙƙin wani, kuma ranar da aka gane, sunan gidanmu ne zai ɓaci. Amma duk abin da yake nawa ne, na ɗan'uwana ne.” Sai ka cika wannan maganar da aiki. Ka zauna da yaron ku duba takardunsa ɗaya bayan ɗaya don kada a mayar da shi saboda wani kuskure, ka biya masa kuɗin tambur da na hoto daga aljihunka, in akwai jarrabawa ka koya masa da dare, in ka ji wata dama a wani wuri ka fara gaya masa.

Zai yiwu ya yi fushi, a ce boko ya ɓata ka, a yi wata biyu ana amsa gaisuwarka da ƙyar. Wannan yana wucewa in dangi suka ga haka kake yi wa kowa. Abin da ba ya wucewa shi ne ka hana ɗan kawu, bayan wata shida ka yi wa ƙanen matarka, ko abokin karatunka, ko ɗan wani Alhaji da ya aiko maka da buhun shinkafa. Ran nan kawunka zai ce ba amana ka riƙe ba, shi ka raina, kuma yana da gaskiya. A ofis kuma ka sauƙaƙa wa kanka: ka buɗe rajista, duk takardar da ta shigo a rubuta ranarta da lambarta a gaban mai ita, a ba shi lambar ya tafi da ita. In mai gidanka a wurin aiki ya ce a tsallake wani, ka roƙe shi cikin ladabi ya sa hannu a gefen rajistar cewa shi ya ba da umarni.